Daga Madrid Zuwa Arenas: Bin Sawun Kiɗan Jita na Boccherini

Ɗan yayata da ke karatun injiniya a Madrid ya riga ya gama tsara mini ziyara tun kafin in sauka a filin jirgin Barajas. Filin ƙwallon Bernabéu ne farko, sai kasuwar Rastro ranar Lahadi, sai Toledo, in guzuri ya rage mu gangara Kordoba mu ga tsohon masallaci. Na ce duk na amince, amma a ƙara mini gari guda: Arenas de San Pedro. Ya latsa wayarsa, ya ɗago ya dube ni.

"Kawu, wannan fa ɗan gari ne a gindin dutse. Wa ka sani a can?"

Na ce wani makaɗi ne, amma ya rasu tun 1805.

Sana'ata haɗa sauti ce a gidan rediyo. Shekarun baya, ina tonon tsofaffin fayafayi a ɗakin ajiya, ina neman abin da zan shimfiɗa a ƙarƙashin wani shirin dare, sai na ci karo da guda mai sunan Luigi Boccherini a bangonsa. Jita ɗaya ce da goge irin na Turawa guda huɗu: biyolin biyu, biyola, da babbansu da ake kira celo, wanda ake dasawa tsakanin gwiwoyi. Kiɗa ne mai ladabi, ba ya shiga hancin mai magana, har aka kai kashin ƙarshe. Nan abin ya ɓalle ya koma rawa, wasu 'yan katakai suka shigo da ƙwas-ƙwas. Bai dace da shirin ba, domin da ya danne muryar mai gabatarwa. Na kwafa na kai gida. Tun daga ranar nake son sanin yadda aka yi ɗan Italiya, bawan fada, ya tsara irin wannan abu.

Mun fara da bayan babban cocin Almudena, inda gangaren Cuesta de la Vega yake. Abu biyu ne a wurin, kusa da juna. Akwai ragowar ganuwar da Musulmi suka gina a ƙarni na 9, zamanin Sarki Muhammadu na Ɗaya na Kordoba wanda ya kafa garin a matsayin sansanin tsaro, har an sa wa ɗan lambun gabanta sunansa. Sai kuma mutum-mutumin kan Boccherini a cikin itatuwa, wanda masu wucewa da karnukansu ba sa ko kallo.

An haife shi a Lucca ta ƙasar Italiya a 1743. Mahaifinsa makaɗin goge ne mafi girma duka, mai kaurin murya, shi kuma ɗan ya kama celo tun yana yaro har ya zama gwani. Ya yi aiki a Biyana, ya je Paris tare da abokinsa mai biyolin Filippo Manfredi, a 1768 suka wuce Sifaniya. Bai samu gurbi a wajen Sarki Carlos na Uku ba. Ƙanen sarkin ne, Don Luis, ya ɗauke shi a 1770 ya zama makaɗinsa kuma mai tsara masa kiɗa. Daga nan har mutuwa a Sifaniya ya zauna.

Fadar sarki tana nan sama da gangaren, muka shiga. Ɗan yayata ɗakin makamai ya ja shi, ni kuwa na tsaya a gaban gogunan da Antonio Stradivari ya sassaƙa, waɗanda aka yi wa ado a gefe, suna cikin gilashi. Su ne kayan kiɗan fada a wancan zamani: goge, da kiɗan Italiya, da mawaƙan Italiya. Jita ba ta cikin wannan sahu.

Inda jita take na gani a gidan zane na Prado. Akwai wani babban zanen Goya na 1778, makaho ne ya ɗaga kai sama yana waƙa, jita a ƙirjinsa, ɗan jagoransa a gefe, mutane sun kewaye shi. Daga dama ga wani baƙin mutum mai sayar da ruwa, a baya ga masu kankana. Duk wanda ya tashi a birnin Kano ko Zariya ya san wannan zama: makaho da ɗan jagora, waƙa da masu saurare, a bayansu kuma akwai tsari da shugabanci. Makafin Madrid ma suna da ƙungiyarsu, kuma su ne ke da ikon yawo da takardun waƙoƙi da labarai suna sayarwa a titi. Jita ta irin waɗannan ce, da wanzamai, da samarin unguwa masu taƙama da ake kira majo. Amma a daidai wannan lokaci manyan gari suka fara kwaɗayin abin talakawa. Matan sarakuna suna ɗinka suturar 'yan matan unguwa, 'ya'yan masu mulki suna koyon rawar titi. Wani ɓangare na dalilin shi ne gajiya da kwaikwayon Faransa a komai. Goya ya zana wannan yayi, Boccherini ya rubuta sautinsa.

Arenas tafiyar mota ce ta kamar awa biyu. Wani abokin karatun ɗan yayata ya ara mana motarsa, muka bi babbar hanyar da ta nufi yamma har Talavera de la Reina, sannan muka juya arewa. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce da farko, gonaki da itatuwa jefi-jefi, manyan tsuntsaye farare sun yi sheƙa a kan hasumiyar kowane coci. Can sai duwatsun Gredos suka taso a gaba suka tare sama. Watan Mayu ne, amma akwai sauran ƙanƙara a kawunansu. Mafi tsawonsu, mai mita 2,591, sunansa Almanzor, sunan al-Mansur ke nan, wazirin Kordoba da ya addabi arewacin ƙasar da yaƙi kafin ya rasu a 1002. Kudancin duwatsun yana da ɗumi da ruwa, shi ya sa zaitun da ɓaure da lemo suke yi a wurin.

Garin ƙarami ne, mutanensa ba su wuce dubu shida da wani abu ba. A tsakiyarsa akwai tsohuwar ganuwar yaƙi ta wajen shekara ta 1400, ga tsohuwar gadar dutse a kan kogin Arenal. Fadar Don Luis, wadda ake kira Mosquera, tana kan tudu, tana kallon garin daga sama.

Abin da ya kawo ɗan sarki wannan lungu aure ne. Tun yana ɗan shekara takwas aka naɗa shi kadinal kuma babban limamin cocin Toledo, muƙamin da ya haramta masa aure. A 1754 ya ajiye, ya ce ba zai iya ba. Yayansa sarki ya yi ta ja masa rai a kan maganar aure shekara da shekaru, kuma masana tarihi da yawa suna ganin dalilin gadon sarauta ne: 'ya'yan Carlos a Italiya aka haife su, akwai kuma tsohuwar doka da za a iya fassarawa cewa sai haifaffen Sifaniya zai hau gado. Da sarki ya ga ba makawa, a 1776 ya kafa doka a kan auren da ba na tsara ba, sannan ya bar ƙanensa ya auri María Teresa de Vallabriga, yarinya daga Zaragoza wadda ba jinin sarauta ba ce. Sharaɗin shi ne matar ba za ta taka fada ba, 'ya'yan ba za su ɗauki sunan gidan sarautar Borbón ba, kuma su zauna nesa da Madrid. Haka Don Luis ya kwashi iyali da barori da littattafai da zane-zane da tsuntsayensa da makaɗansa, suka yi ta sauya masauki har suka yada zango a Arenas.

Ginin da kansa yana ba da labarin. Ventura Rodríguez, babban maginin zamanin, yana cikin waɗanda suka tsara shi, amma ba a gama ba. Kana tsaye a gabansa za ka ga ƙofar dutse mai ginshiƙai wadda ya kamata ta zama tsakiya, sai ga ta a gefe, domin ɗaya reshen ba a taɓa gina shi ba. Daga baya ya taɓa zama makarantar horar da limaman coci, yanzu yana hannun hukumar garin. Muka hau faffaɗan matattakala, ɗakunan sama manya ne, yawancinsu fayau. Na tafa hannu sau ɗaya a ɗayansu, al'adar sana'a, in ji yadda bango ke mayar da sauti. Yana mayarwa da ɗan jinkiri mai daɗi, daidai kiɗan mutum biyar. Ɗan yayata ya waiga ya ga ko wani ya gan mu.

A nan na fahimci wani abu da faifai bai taɓa gaya mini ba. Don Luis yana da makaɗan goge huɗu 'yan gida ɗaya, Francisco Font da 'ya'yansa uku. In aka haɗa da Boccherini da celonsa sun zama biyar, celo biyu ke nan a ciki. Wannan shi ne sanadin da ya sa ya rubuta kiɗan mutum biyar fiye da 100, galibinsu da celo biyu, tsarin da kafin shi ba a saba da shi ba. Mutanen da ke gidan su ya rubuta wa. Ba shi da babban zauren jama'a, ba shi da abokan hamayya a kusa, ba mai gaya masa abin da ake yayi a Biyana sai ta wasiƙa. Ubangida guda ne, da dare mai tsawo, da dutse a bayan taga.

Cikin wannan kaɗaici, wajen 1780, ya rubuta abin da ya kira kiɗan daren titunan Madrid. Babu jita a cikinsa ko ɗaya, amma jita ce ke yawo a ciki daga farko har ƙarshe. Yana buɗewa da ƙararrawar coci ta magariba, wadda ake yi da fizgar tsirkiya da yatsa. Sai gangar soja. Sai rawar makafi, inda ya umarci masu celo su kwantar da kayansu a kan cinya su karce su da yatsu yadda ake yi wa jita. Sai masu jan carbin Kirista suna tafe suna addu'a, sai waƙar samarin unguwa, daga ƙarshe sojoji masu shelar dare suna wucewa da ganga, alamar kowa ya koma gida. Mutum ne zaune a gindin Gredos yana tuno hayaniyar garin da aka raba ubangidansa da shi, yana kaɗa masa ita a ɗaki. Da mai buga littattafan kiɗa Ignaz Pleyel na Paris ya zo karɓar ayyukansa, Boccherini ya rubuta masa cewa wannan kam ba shi da amfani a wajen Sifaniya, abin dariya ma zai zama, domin masu saurare ba za su gane ma'anarsa ba, makaɗa kuma ba za su iya kaɗa shi yadda ya kamata ba. Ba a buga shi ba sai bayan ransa. Yau yana cikin abubuwansa da aka fi kaɗawa a duniya.

Goya ma ya zo gidan nan a 1783 da 1784, ya zana iyalin gaba ɗaya: Don Luis yana wasan karta a hasken kyandir, ana gyara wa matarsa gashi, barori a tsaitsaye. Wasu masana suna cewa dogon mutumin da ke tsaye daga dama Boccherini ne. Zanen yana Italiya yanzu, kusa da Parma.

Cin abinci a Arenas sai da lura. Abin alfaharinsu dankali ne da aka dama da jan barkono, amma soyayyen naman alade ake ɗora masa, wake ma da wuya ka same shi ba alade a ciki. Muka tsaya a kan wainar ƙwai da dankali, da cukun akuya, da zaitun, da burodi. Muka yi sallar azahar da la'asar a gefen kogi ƙarƙashin gada, wani tsoho mai sanda ya tsaya nesa kaɗan har muka sallame, sannan ya ɗaga mana hula ya wuce.

Shekarar 1785 ce ta rushe zaman Arenas. Matar Boccherini, Clementina, mawaƙiya, ta rasu ta bar masa yara ƙanana, a watan Agusta kuma Don Luis ya bi ta. Ya dawo Madrid, sarki ya yanka masa fansho. A 1786 Friedrich Wilhelm na Prusiya, wanda shi ma mai kaɗa celo ne, ya naɗa shi mai tsara masa kiɗa, yana aika masa da takardu daga nesa ana biyansa. Gidan Osuna, ɗaya daga manyan gidajen Madrid, su ma sun ba shi jagorancin makaɗansu na ɗan lokaci. Amma a 1797 sarkin Prusiya ya rasu, magajinsa bai ci gaba da biya ba. A wannan gaɓa ce jita ta shigo da kanta.

Wani basarake ɗan Kataloniya, Markis na Benavent, mai son jita ne ƙwarai, yana kuma kaɗawa daidai gwargwado. Yana son ya zauna cikin ƙwararrun makaɗan goge a gidansa, shi ma a ji shi. Ya biya Boccherini, shi kuma a 1798 da 1799 ya ɗauko tsofaffin ayyukansa, wasu na goge zalla, wasu na fiyano da goge, ya sake musu zubi ya buɗa wa jita wuri. Lokacin ya dace, domin jitar Sifaniya tana tsakiyar sauya kama. Daga layin tsirkiya biyar ta koma shida, kuma a 1799 kaɗai littattafan koyar da ita biyu suka fito a Madrid, na Fernando Ferandiere da na Federico Moretti. Fernando Sor yana saurayi a lokacin, Dionisio Aguado yana yaro.

Na yi sa'a, a makon da muka dawo daga Arenas wasu makaɗa biyar suka shirya kaɗa biyu daga cikin waɗannan a wani ƙaramin zaure a tsohon gari. Kujerun ba su fi ɗari ba. Na matsa wa ɗan yayata muka je da wuri muka kama layin gaba. Suka fito ba mai jagora, ba lasifika, ba makirufo ko ɗaya. Masu biyolin biyu a hagu, mai jita a tsakiya, biyola da celo a dama. Jitar ƙarama ce, siririn ƙugu, ba ta kai waɗanda muka saba gani ba. Irin ta zamanin ce, kafin Antonio de Torres ya faɗaɗa cikinta a ƙarni na 19, tsirkiyoyinta kuma na hanjin dabba ne, ba na roba ba.

Abu na farko da kunnena ya kama shi ne jitar ba ta da ƙarfi. A faifai injiniya yakan kafa mata makirufo a baki ya ɗaga ta sama da kowa, ni ma da aka ba ni aikin haka zan yi. A ɗaki kuwa goge huɗu in suka ja tare sai su rufe ta ruf. Ka ga hannun matar yana motsi, sautin kuwa sai ka kasa kunne. To amma Boccherini ya san da haka. Duk inda yake son a ji ta, sai ya sa gogunan su yi ƙasa, ko su bar sandar gogawa su koma fizga da yatsa, ko ya bar biyu kawai suna riƙe da dogon sauti. Sai jitar ta fito ta faɗi 'yar maganarta ta koma. Sauran lokacin aikinta shi ne ta ba kiɗan ƙashi: goge yana jan sauti ne ba gaɓa, ita kuwa kowane taɓi nata yana da baki mai kaifi, shi ke nuna inda bugun yake. Ko ba ka jin ta sosai, in ta yi shiru nan take za ka san an rasa wani abu.

Suka fara da mai lamba 453 a jerin ayyukan Boccherini, wanda ke ƙarewa da shelar daren sojojin Madrid, waƙar da ya ɗauko daga kiɗan Arenas. Waƙa guda ce gajera ake ta maimaitawa, kowane zagaye da sabon ado. Umarninsa shi ne a fara kamar daga nesa, da ƙyar ake ji, a yi ta ƙaruwa har sojojin su iso ƙofar gida, sannan a yi ta raguwa. Aikin da nake yi da maɓalli a kan tebur, su da hannu suke yin sa, su biyar, ba wanda ya riga wani.

Bayan hutu aka zo ga wanda ya kawo ni, mai lamba 448. Kashin farko waƙar makiyaya ce mai lilo, gogunan an sa musu abin rage murya. Na biyu na mai celo ne, yana hawa can ƙarshen tsirkiya inda sautin ke sirancewa har ka rantse biyolin ce. Nan za ka san wanda ya rubuta kiɗan da wane kaya yake ci. Sai wani ɗan gajeren kashi mai nauyi, a hankali, wanda ba ya ƙarewa, yana tsayawa ne a rataye. Mai jita ta dubi mai celo. Sai fandango.

Yadda aka gina shi ba wuya. Bugu uku-uku ne, haɗin sauti kuma biyu ne kacal ake kai da komo a tsakaninsu, ɗaya mai duhu, ɗaya mai haske da ke ja ka koma wa na farko. Ba ya zuwa ko'ina. Ƙarfinsa a nacin yake: kowane zagaye wani ya ɗora sabon abu, biyolin ta yi gudu, biyola ta amsa, mai celo ya zame yatsa daga sama zuwa ƙasa, jita ta bar taɓi ɗaya-ɗaya ta koma watsa yatsu huɗu a kan tsirkiyoyi gaba ɗaya. A nan ne kaɗai ta daina zama baƙuwa. Sai a yi kamar za a tsaya, a rage murya, a sake tasowa. Can tsakiya mai celo ya jingine sandarsa, ya ɗauko kastanet, 'yan katakan nan biyu-biyu masu kamar ɓawo da ake ɗaurawa a babban yatsa, ya shiga kaɗawa. Boccherini ne da kansa ya rubuta a yi haka. Wata tsohuwa a bayana ta kasa daurewa, ƙafarta tana buga katakon ƙasa. Ɗan yayata da ya shigo yana hamma, na ga ya zauna a bakin kujera.

Da aka tashi ya ce, "Kawu, ashe flamenko ne."

Ba shi ba ne. Flamenko, sanannen kiɗa da rawar Sifaniya, yadda aka san shi yau a ƙarni na 19 ya kankama, a kudu, a Andalus. Wannan fandango ya girme shi, rawar mutum biyu ce, namiji da mace, suna kusantar juna suna ja da baya ba tare da sun taɓa juna ba, kuma malaman coci sun sha yin tir da ita. Casanova ya gan ta a Madrid wajen 1768 ya rubuta cewa ta ruɗa shi. Har Mozart ya sa fandango a wasan auren Figaro a 1786, sai dai nasa mai hankali ne, na wanda ya ji labari. Boccherini ya ji da kunnensa. Asalin wannan kashi ya rubuta shi ne a 1788 don goge zalla, ya kuma rubuta a kai cewa yana kwaikwayon fandangon da Padre Basilio ke kaɗawa da jita. Shi wannan Basilio, sunansa na yanka Miguel García, malamin coci ne mai zaman zuhudu, kuma shi ne gwanin jita na Madrid a zamaninsa. Ka ji yadda abin ya zagaya: rawar titi ta shiga hannun malamin coci, ɗan Italiya ya kwaikwaye ta da goge, bayan shekara goma ya mayar wa jita kayanta saboda wani basarake ya biya.

Mun samu mai jitar a bakin ƙofa tana sa kayanta a akwati, ɗan yayata ya yi mana tafinta. Na tambaye ta ko kiɗan yana da wuya. Ta yi dariya ta nuna mai celo, ta ce shi za a tambaya. Nata rabon an yanka shi ne daidai hannun mai koyo mai kuɗi, wahalarsa ba a yatsu take ba, a sanin lokacin da za ka fito da lokacin da za ka ɓuya take.

Ra'ayina, bayan na saurari kiɗe-kiɗen jitarsa takwas da suka rage sau da yawa, shi ne masu sayar da faifai suna zuzuta Sifaniyancin wannan kiɗa fiye da kima. Su sa hoton mace da jar riga a bango, mai saye ya zaci wuta zai ji daga farko har ƙarshe. Sifaniya a fili tana wuri biyu ne, fandango da shelar dare. Sauran waƙar Italiya ce mai taushi, ta mutumin da ya fi son ya juya ƙaramar magana sau uku da ya yi ihu sau ɗaya. Wanda ya zo neman fandango kawai zai ƙosa kafin a kai. Ni kuwa ina ganin jiran ne ke sa ta yi tasiri, domin an daɗe ana zaune da ladabi kafin a ture kujeru.

Gidan da ya ƙare rayuwarsa yana unguwar Lavapiés, a titin Jesús y María, lamba 5. Titi ne matsattse mai gangara, akwai allo a bango da sunansa. Unguwar a zamaninsa ta samarin nan masu taƙama ce da ya sa a kiɗansa. Yau ta baƙi ce: 'yan Bangaladash da shagunan waya, 'yan Maroko da mahautan halal, 'yan Senegal a bakin dandali. A nan muka ci shinkafa da kifi irin ta Senegal, abinci mafi daɗi da na ci a tafiyar, muka yi magariba a wani ƙaramin masallaci da ke ƙasan bene.

Shekarunsa na ƙarshe sun yi nauyi. Lucien Bonaparte, jakadan Faransa a Madrid, ya riƙe shi na ɗan lokaci daga 1800, sannan aka mayar da jakadan gida. 'Ya'yansa mata suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya, matarsa ta biyu ma ta rasu a farkon 1805. An daɗe ana ba da labarin cewa a ɗaki guda ya ƙare cikin tsananin talauci, amma masu binciken da suka bi takardun gadonsa da na fanshonsa sun nuna abin bai kai haka ba. Ya rasu ranar 28 ga Mayu, 1805. Aka binne shi a cocin San Justo, wanda yanzu ake kira San Miguel, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga Plaza Mayor. Mun leƙa, amma ba ya nan. A 1927 mutanen Lucca suka zo suka kwashe ƙasusuwansa suka mayar cocin San Francesco na garinsu.

Kiɗe-kiɗen jitar kuwa saura ƙiris su bi iska. Ba a buga su ba yana raye, shi kansa bai sa su a jerin ayyukansa da ya rubuta da hannunsa ba, tunda a wurinsa gyaran tsofaffin kaya ne. Markis na Benavent ya bi bayan Faransawa lokacin da Napoleon ya mamaye ƙasar, da aka kore su ya bi su, ya ƙare a Bordeaux. Wanda ya cece su wani soja ne mai kaɗa jita, François de Fossa, haifaffen Perpignan, wanda ya zauna ya kwafe su da hannu a Madrid. Kwafinsa na guda shida yana ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a Washington. Sai a ƙarni na 20 aka fara buga su, makaɗa suka ɗauka. Da masani Yves Gérard ya jera ayyukan Boccherini kaf a 1969, ya ba na jita lambobi daga 445 zuwa 453. Tara ke nan, amma takwas ake kaɗawa, domin lamba 452 ta abin da ya ɓace ce.